Darasin Lafiya: Me Ke Sa Dunduniya Ta Mutu Wajen Gudu?

Jama'a masu karatu, darasinmu na wannan wata a kan dunduniya yake. Samari masu gudu da 'yan ƙwallo da 'yan langa sukan yi kuka da ita. Wani ya ce ta mutu masa. Wani ya ce ji yake kamar ana soka masa allura, ko kamar kiyashi na yawo a ciki.

Ƙafa ɗaya, daga idon sawu zuwa yatsu, ƙasusuwa 26 gare ta. In mutum yana gudu, kowane taku yakan sauke mata nauyin jikinsa ninki 2 zuwa 3. Akwai kuma jijiyoyi masu kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. In aka danne jijiya, saƙo ba ya wucewa sosai. Shi ya sa wurin yake mutuwa.

Ga abubuwan da ke kawo haka:

1. Takalmi. Matsattsen takalmi, ko igiyar da aka ɗaure tamau, sukan matse jijiya. Wannan kan wuce in an kwance takalmin.

2. Matsi a idon sawu. Wata jijiya tana bi ta bayan idon sawu, ta ɓangaren ciki, cikin ɗan ƙuntataccen wuri. Targaɗe ko kumburi kan matse ta. Mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ya fi gamuwa da wannan.

3. Ciwon baya. Jijiya mafi tsawo a jiki daga ƙugu ta taso. In ta matsu a can, zafi kan sauko ta bayan cinya har dunduniya.

4. Ciwon sukari. Yakan lalata jijiyoyi a hankali. Galibi daga yatsu yake farawa, a ƙafafu biyu.

5. Kuturta. Alamarta ta fari ita ce tabo mai haske a fata, wanda ba a jin taɓawa a kansa. Tana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12, kuma kyauta ake ba da shi.

Abin yi shi ne a rage gudu, a huta. A sassauta igiya. A sayi takalmi da yamma, domin lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. A bar filin babban yatsan hannu a gaban takalmin.

Kada a gasa ƙafar da wuta ko ruwan zafi. Kada a yi mata tsaga. Ƙafar da ba ta ji takan ƙone mai ita bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. A riƙa duba tafin ƙafa kullum.

In abin ya kai mako 2, ko ya kama ƙafafu biyu, a je asibiti. In kuwa ƙafa ta rasa ƙarfi, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, a tafi ran nan, kada a kwana.

Tambayoyi:
1. Ƙasusuwa nawa ne a ƙafa ɗaya?
2. Rubuta abubuwa 3 da ke sa dunduniya ta mutu.
3. Don me aka hana gasa ƙafar da ba ta ji?

A karanta wa maƙwabcin da bai shiga aji ba tukuna.