Ilmin Manya a Ƙasar Zuru: Jagora ga Hakimai da Malamansu

Gemu ba ya hana ilmi. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'ad da hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 take buga 'yan littattafai domin manya, aka tabbata magidanci yana iya karatu ba tare da ya bar gonarsa ba. A yau hanyoyin sun ƙaru. Wajibi ne kowane Hakimi na Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu ya san su, gama wurinsa talakawa suke zuwa neman shawara.

1. Wanda bai iya karatu da rubutu ba. Wannan ajin manya za a nuna masa. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma musamman domin ilmin manya, jihohi kuma suna da nasu ofisoshin.

2. Malamin makaranta da ba shi da takardar NCE. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana koyarwa daga nesa. Watau malami yana karanta darussa a gida, sa'an nan ya halarci aji a ƙarshen mako da lokacin hutu, ajinsa kuwa bai rasa mai koyarwa ba.

3. Ma'aikaci, ko tsohon soja, mai neman digiri. Jami'ar Karatu daga Gida ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka kuma farfaɗo da ita a 2002, tana aika darussa ta intanet. Amma sai mutum ya ci darussa biyar a jarrabawar sakandare, har da Turanci da Lissafi.

4. Mai son ilmin noma da kiwo. Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020. Abin da a dā ake tafiya nesa nema, ga shi yanzu a ƙofar gida.

Aikin malamin Hakimi shi ne ya buɗe littafi, ya rubuta sunan mai nema, da sana'arsa, da inda karatunsa ya tsaya, domin a nuna wa kowa ƙofar da ta dace da shi. Kada a manta da matan aure, gama su ne karatu daga gida ya fi yi wa amfani.

Akwai kuma abin lura. Wasu mayaudara suna karɓar kuɗin mutane da sunan makarantar da hukuma ba ta san da ita ba. Mutum ya sayar da dawarsa ta shekara, ya karɓi takardar da babu ofishin da zai dube ta. Saboda haka lalle ne Hakimi ya bincika a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma kafin talakansa ya biya ko kwabo.