Sitiyarin Motar Rimot Yana Rawa

Tambaya: Malam, sitiyarin ƙaramar motata ta tsere mai rimot yana rawa, wani lokaci ya ƙi juyawa. Daga wani matashi a Alshajara, Khartum.

Amsa: Ɗana, kada ka yi gaggawar sayen sabon sarbo, wato ƙaramin injin da ke juya sitiyarin. Cire sandar da ta haɗa shi da tayoyin gaba, ka juya su da hannu, don ƙurar guguwar habub takan cushe gaɓoɓin. In injin yana kuka amma hannunsa bai motsa ba, haƙoran roba na cikinsa sun cinye, sai ka nemi mai haƙoran ƙarfe. Ƙidaya haƙoran kan sarbon, inda hannun ke shiga, tukuna: na Futaba 25 ne, na Hitec galibi 24, ba sa shiga juna. Rawar kuwa, auna wutar da ke isa gare shi. Sarbo mai ƙarfi yakan so bolt 6.