Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Asalin Mace da Ciwon Damuwa a Ƙauyukan Indiya?

Tambaya: Wata ɗalibar koyon aikin jinya daga Katsina ta rubuto tana cewa: "Na ji an ce lokacin annobar korona matan karkara a Indiya sun sha fama da ciwon damuwa, kuma wai abin ya fi tsanani ga waɗanda aka haifa a gidajen da ake raina asalinsu. Ni a sanina cuta ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Ina ruwan asali da lafiyar ƙwaƙwalwa? Ba talauci ne kawai ba?"

Amsa: Madalla da wannan tambaya, 'yata. Gaskiyarki, ƙwayar korona ba ta zaɓen wanda za ta kama. Amma wahalar da annoba ke zuwa da ita, wato yunwa, bashi da tsoro, ba daidai take sauka a kan kowa ba, kuma ita ce ke taɓa zuciya.

Mu fara da shi asalin. A Indiya akwai daɗaɗɗen tsari da ke raba mutane rukuni-rukuni bisa gado, su kan kira shi jati. Gidan da aka haife ka shi ke faɗin sana'arka, wanda za ka aura, har da wanda zai ci abinci da kai. A can ƙasa akwai 'yan Dalit, waɗanda a da ake cewa ko taɓa jikinsu ƙazanta ne. Wataƙila ki tuna yadda a ƙasar Hausa wasu ke jan ƙafa wajen haɗa aure da gidan mahauta ko maƙera. Akwai ɗan kama, sai dai na can ya yi nisa ƙwarai: a nan mahauci da basarake sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, a can kuwa har yau akwai ƙauyukan da unguwar 'yan Dalit ke can gefen gari, rijiyarsu daban.

Kundin tsarin mulkin ƙasar na 1950, wanda B. R. Ambedkar, shi ma ɗan Dalit, ya jagoranci rubuta shi, ya haramta wannan ƙyama. Amma doka daban, abin da ke cikin zukata daban. Ƙidayar 2011 ta nuna 'yan Dalit sun kai miliyan 200, kusan kashi 17 cikin 100 na jama'ar ƙasar, duk da haka gonar da ke hannunsu ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa da yawa daga matansu a karkara ƙodago suke yi a gonakin wasu, mazansu da dama kuma suna birni wajen leburanci.

Da daren 24 ga Maris 2020, Firayim Minista Narendra Modi ya sanar da dokar kulle, ya ba mutane sa'o'i 4 kacal. Jiragen ƙasa da motoci suka tsaya cik. Miliyoyin 'yan ci-rani suka kamo hanyar gida, da yawa a ƙafa. Dubi matar da ke ƙauye a wannan hali. Kuɗin da miji ke aikowa ya yanke. Makaranta ta rufe, abincin rana da yara ke ci a can ya tsaya. Ga mai bin bashi a bakin ƙofa, ga miji ya dawo hannu wofi, ransa a ɓace. Hukumar kula da mata ta ƙasar ta ce koke-koken dukan mata a gida sun ƙaru a watannin kulle. Matar da mijinta ke da gona da hatsi a rumbu ita ma ta ji jiki, amma tana da abin jingina.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. Talauci babban sashe ne na matsalar, amma ba shi kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna 'yan Dalit na rayuwa ƙasa da Hindu masu babban asali da kimanin shekara 3, kuma bambancin dukiya bai isa ya bayyana wannan tazara duka ba. Abin da ke ƙaruwa a kan talauci shi ne wulaƙanci. An samu rahotanni daga jihohin Uttar Pradesh da Uttarakhand cewa wasu da aka killace sun ƙi cin abinci saboda 'yar Dalit ce ta dafa. A Satumba 2020, wata budurwa 'yar Dalit mai shekara 19 daga gundumar Hathras ta rasu bayan harin da aka kai mata, 'yan sanda suka ƙona gawarta da tsakar dare, iyayenta suka ce ba da yardarsu ba. Duk uwar da ta ji wannan labari ta san ko ta kai ƙara da wuya a saurare ta. Mutumin da ke kwana da tashi cikin irin wannan ɗar-ɗar, jikinsa ba ya samun hutu, barcinsa ya lalace, a hankali ciwo ya kama shi.

Nan ya kamata mu gyara wata fahimta. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ciwo ne da ke sa baƙin ciki ya daɗe makonni, mutum ya daina jin daɗin komai, ya rasa barci da ƙarfin jiki. Yawancin matan karkara ba za su ce "ina da damuwa" ba. Za su ce kai na ciwo, jiki ba ƙwari, ƙirji na bugawa. Sai a ba su maganin ciwon kai su koma gida. Abin kan kai ga rasa rai: alƙaluman gwamnatin Indiya sun nuna matan aure masu zaman gida sama da 22,000 sun kashe kansu a 2020.

Ga kuma ƙarancin masu magani. Binciken ƙasa da cibiyar NIMHANS ta birnin Bengaluru ta gudanar a 2015 zuwa 2016 ya gano cewa kusan babba 1 cikin 10 na da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma sama da kashi 70 cikin 100 ba sa samun magani. Likitan ƙwaƙwalwa bai kai 1 ga mutum 100,000 ba, yawancinsu kuma a birane suke. Da aka koma ganin likita ta waya, sai ya zama a gidaje da dama wayar tana aljihun miji.

Ba a zauna haka nan ba. Gwamnati ta raba hatsi kilo 5 kyauta ga kowane mutum a gidajen masu ƙaramin ƙarfi a wata, ta kuma zuba rupee 500 duk wata a asusun mata matalauta na tsawon wata 3. Matan nan ma'aikatan lafiya na ƙauye da ake kira ASHA, su kusan miliyan 1, sun bi gida-gida duk da ɗan abin da ake biyansu. A jihar Kerala ƙungiyar mata ta Kudumbashree ta riƙa dafa abinci tana rabawa. Ƙungiyar Sangath ta jihar Goa ta daɗe da nuna cewa in aka horar da mutanen gari su saurari mai damuwa, su ba shi shawara, ana samun sauƙi sosai. A Oktoba 2022 kuma aka buɗe Tele-MANAS, layin waya na kyauta don masu neman taimako.

Duk waɗannan sun rage zafi, amma matuƙar mace ba ta da gona, ba ta da murya a gaban hukuma, magani kaɗai ba zai wadatar ba. Ke kuma da za ki riƙe marasa lafiya gobe, idan mace ta yi ta dawowa da ciwon kai da rashin barci, bayan kin auna ta ki ja kujera ki tambaye ta yadda gida yake, wa ke ciyar da ita, wa take jin tsoro. Sau da yawa a nan ciwon yake. Allah Ya ba da sa'ar karatu.