Maganin sida ba ya zama a leda

Ma'aikatan ɗakin magani a Diffa sun saba ganin wannan: mai ɗauke da cutar sida ya karɓi kwalbarsa, kafin ya bar asibiti ya juye ƙwayoyin a leda, ya yar da kwalbar don kada a gane. Tsoron tsangwama ne, ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai dabarar tana ɓata maganin, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera shi.

Ƙwayar TLD, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2019, haɗin magani uku ce: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Tenofovir, wanda Antonín Holý ya harhaɗa a birnin Prag, yana hana ƙwayar cutar hayayyafa, amma in aka haɗiye shi zalla, kaɗan ƙwarai hanji ke tsotsa. Shi ya sa masu bincike suka sa masa riga: wasu sinadarai biyu masu son maiƙo da ke ratsawa da shi ta bangon hanji. Da zarar ya shiga jini sai jiki ya tuɓe rigar, maganin ya wuce cikin ƙwayoyin garkuwa ya kama aiki. Amurka ta amince da wannan samfuri, TDF, a 2001. Sabo mai suna TAF ya biyo baya a 2015. Miligiram 25 nasa na yin aikin 300 na tsohon, kuma ya fi sauƙi ga ƙoda.

To, danshi ma yana tuɓe rigar nan tun a waje, zafi kuma na ƙara masa sauri. Ɗan ƙullin da ke cikin kwalba, wanda wasu ke ɗauka shara ce, shi ke shanye danshin. Manomin tattasai a bakin kogin Komadugu da ke yini da leda a aljihu, ga gumi ga zafin Afrilu mai haura digiri 40, ƙwayarsa na iya rage ƙarfi ba tare da ta sake kama ba.

Akwai kuma ƙoda, domin ta nan tenofovir ke fita. Ƙishirwar gona da yawan shan maganin ciwon jiki irin diclofenac na masu talla suna ƙara mata nauyi. A sha ruwa sosai, a tambayi likita kafin maganin ciwon jiki.

Mai tsoron idon jama'a ya naɗe kwalbar da ƙyalle, ya ajiye ta a inuwa. A bar ƙwayoyin a ciki tare da ƙullin, a rufe murfi gam bayan kowane sha.