Gashin Kek a Gida: A Fara da Sikeli Kafin a Sayi Obin

Da zarar Sallah ta matso, ko lokacin bukukuwa ya kama, masu koyar da gashi sukan sha ƙorafi iri ɗaya. Wata kek ɗinta ya tashi gwanin sha'awa, ana fito da shi ya lotsa a tsakiya. Wata ƙasan ya ƙone, cikin kuwa ɗanye shataf. Wata burodinta ya ƙi tashi, ga asarar fulawa da ƙwai a wannan tsadar. Maganar da ke biyo baya kusan ɗaya ce: "Malama, wallahi yadda aka ce haka na yi, ni dai ba ni da hannun kek."

Mai wannan rubutu, wadda sana'arta ke nan koyar da mata gashin kek da burodi a Kano, ba ta cika yarda da zancen hannu ba. Abin da takan fara nema shi ne a nuna mata haɗin da aka bi. Sau da yawa sai a miƙo waya, ga bidiyo na minti ɗaya: fulawa daidai misali, sukari yadda kike so, a gasa har ya yi. Wanda ya ɗora bidiyon wataƙila ya iya, amma bai ba da abin da wani zai bi ya samu irin nasa ba. Miya ana ɗanɗana ta tana kan wuta, a ƙara gishiri, a tsayar da ruwa. Kek kuwa da ya shiga obin an gama magana, duk gyaran da za a yi sai kafin nan.

Rubuta haɗi da cikakken awo ba daɗaɗɗen abu ba ne ko a Turai. A 1845 ne wata 'yar Ingila, Eliza Acton, ta fitar da littafin girki da ke jera kayan haɗi da yawansu da lokacin dahuwa, abin da ba a saba ba a wancan zamanin. A 1896 Fannie Farmer ta makarantar girki ta Boston a Amurka ta yaɗa tsarin awo da kofi da cokali shafaffe, ba mai tozo ba. Dukkansu matsala ɗaya suka hango: mai koyo a gida ba ta da gwanar da za ta tsaya a kanta, don haka dole takarda ta faɗi komai.

Sai dai shi ma kofin ba a nan ya tsaya ba. Kofin Amurka kusan mililita 240 yake ci, na Ostiraliya 250. Babban cokali a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, a Ostiraliya 20. A gidajenmu kuwa da an ce kofi, wata kofin shayi za ta ɗauko, wata gwangwanin madara, wanda bai ma kai kofin awo ba. Ko da an samu kofin na gaskiya, fulawa tana da nata halin. Idan aka zuba ta da cokali aka shafe bakin, kofi ɗaya kan ba da giram 120 zuwa 125. Idan aka luma kofin cikin buhu aka danna, yana iya kai wa 150. A haɗin da ke son kofi uku, wannan bambancin ya haura rabin kofi, kuma shi ne ke fitar da kek busasshe mai shaƙe wuya.

Shi ya sa a ajin mai wannan rubutu ba a fara darasi sai da sikeli, ɗan ƙaramin nan mai batir da ke nuna giram. Kuɗinsa bai kai na kayan kek biyu da suka lalace ba.

Haɗin farko da take ba ɗalibai tsoho ne, an daɗe ana gwada shi a Ingila: kek mai awo ɗaya. A fasa ƙwai huɗu a auna, za su ba da wajen giram 200. Duk abin da suka ba da, shi ne nauyin bota, shi ne na sukari, shi ne na fulawa, sai bekin foda ƙaramin cokali biyu. Amfaninsa a nan shi ne ƙwan kasuwarmu ba girma ɗaya ba ne, wani kiret manya, wani ƙanana, amma tunda daga ƙwan ake ɗaukar awo, sauran kayan suna bin sa. A buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, a riƙa saka ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan a tankaɗe fulawa a juya a hankali. Da fulawar ta ɓace a tsaya. Yawan bugu bayan ta shiga yana tayar da danƙon alkama, wanda burodi ke so amma yake sa kek tauri. A raba kwaɓin a gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, a gasa a digiri 180 na minti 20 zuwa 25.

Girman gwangwanin ba ado ba ne a rubutun. Mai santimita 23 ya fi mai 20 fili da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka kwaɓin zai baje ya gasu da wuri. Wadda kuma ta juye duka a gwangwani ɗaya mai zurfi, minti 25 ba zai ishe ta ba.

Bekin foda da bekin soda su ne suka fi rikita masu koyo, don dukkansu farin gari ne, kuma a shago wani lokaci a ƙulle ake sayar da su ba suna. Soda ba ta aiki ita kaɗai, sai ta haɗu da abu mai tsami kamar nono ko ruwan lemon tsami, kuma ta fi foda ƙarfi ninki uku ko fiye. Idan ta yi yawa, kek ya yi ɗanɗanon sabulu. Foda kuwa da tsaminta a ciki, tun yadda Alfred Bird ya haɗa ta a Birmingham a 1843 saboda matarsa da yis ba ya karɓarta. Gwajinsu ba wuya: a zuba rabin cokalin foda a ruwan zafi, soda kuma a ruwan lemon tsami. Wadda ba ta yi kumfa ba ta mutu, a zubar. Akwai kuma tarkon haɗin Ingila, inda ake yawan amfani da fulawar da aka riga aka gauraya da foda tun daga kamfani. Mai amfani da fulawar buhu dole ta ƙara kusan ƙaramin cokali biyu a kowane giram 150.

Sai zafi. Haɗin Amurka kan ce 350, nufinsu Farenhait, wanda ya yi daidai da kusan 180 a ma'aunin Salsiyas da yawancin obin ɗinmu ke ɗauke da shi. An sha ganin wadda ta nemi 350 a jikin obin ta rasa, sai ta murɗa har ƙarshe. Lambar da ke jiki ma ba kullum take faɗin gaskiya ba, musamman a obin na gas, shi ya sa ɗan ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki yake da rana. Kuma kada a buɗe ƙofa kafin a ci kashi biyu cikin uku na lokacin, iskar da ta shiga ita ke kwantar da kek ɗin da bai kama jikinsa ba.

Marar obin ba a bar ta a baya ba. Tukunya mai kauri da yashi ko gishiri a ƙasa tana gashi, in dai an bar ta ta ɗau zafi na minti goma zuwa sha biyar, aka ɗora gwangwanin a kan duwatsu ko ɗan ƙarfe, aka rage wuta. Zafinta daga ƙasa yake zuwa, don haka garwashi kaɗan a kan murfi ne ke ba saman launi.

Akwai abin da babu littafin waje da zai faɗa wa mai gashi a ƙasar Hausa. Da hunturu fulawa a bushe take, kwaɓin burodi kan nemi ƙarin ruwa, kuma yis na jinkirin tashi. A zafin Maris da Afrilu bota na narkewa tun kafin a gama bugu, kwaɓin da aka ce ya yi awa ɗaya kuma ya ninka kafin lokacin. Yis na son ruwa mai ɗumi da hannu zai jure. Wanda ya kai digiri 60 kashe shi yake yi. Mazauna Jos, da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga matakin teku, kek ɗinsu kan yi saurin tashi ya faɗa, sai sun ɗan rage foda.

Wani zai ce ai masu gurasar Jakara ba su san sikeli ba. Haka ne, amma kullum kwano ɗaya, tanderu ɗaya, kwaɓi ɗaya suke yi shekara da shekaru, galibi tun suna gaban iyayensu. Mai yin kek sau uku a shekara ba ta da wannan, takarda ce madogararta. Don haka haɗin da za ta amince da shi sai ya faɗi nauyi, da girman gwangwani, da zafi, da lokaci, da alamar gasuwa, misali tsinke ya fito ba danshi. Karon farko ta bi shi sak, ba ragi ba ƙari. In za ta canza, ta canza abu ɗaya kawai, ta rubuta a littafinta har da watan da aka yi gashin da kuma minti nawa obin ɗinta ya ci.