Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Aikin Haɗa Laburaren C da Python

Bara na karɓi aikin rubuta wa wani shagon magani manhajar da ma'aikata za su riƙa dangwala yatsa idan sun zo aiki. Da Python na rubuta ta, amma na'urar ɗaukar zanen yatsar ta zo da fayil ɗin DLL ne kawai da takardar bayanin ayyukansa a yaren C. Kwana biyu ina fama da saƙon WinError 193, har mai shagon ya fara tambaya ko a ba wani aikin. Ashe DLL ɗin na bit 32 ne, Python ɗina kuma na bit 64. Daga nan na koyi cewa kafin a zaɓi kayan aiki, sai an fara sanin laburaren da kuma kompailar da ta haɗa shi.

Tambayoyi uku kafin komai

Na farko, da C aka rubuta laburaren ko da C++? Na biyu, kana da asalin kod ɗinsa, ko kuwa haɗaɗɗen fayil kawai aka ba ka, wato DLL a Windows ko .so a Linux? Na uku, a kan kwamfutar wa manhajar za ta yi aiki, taka ko ta kwastoma? Amsar waɗannan ce za ta zaɓar maka hanya.

Idan na C ne: ctypes ko cffi

ctypes yana cikin Python tun sigar 2.5 ta shekarar 2006, ba sai ka sauke komai ba, kuma ba ya buƙatar kompaila. Ga misali a Linux da laburaren zlib mai matse bayanai:

import ctypes
z = ctypes.CDLL("libz.so.1")
z.zlibVersion.restype = ctypes.c_char_p
print(z.zlibVersion())

Lura da layi na uku. Idan ka manta shi, ctypes zai ɗauka amsar lamba ce ta bit 32, alhali adireshi ne na bit 64 a ma'adana. Sai ya gutsure rabinsa, kuma da ka yi amfani da shi manhajar za ta mutu ba tare da wani bayani ba. Wani tarkon shi ne nau'in long: bit 32 ne a Windows ko da na bit 64 ne, amma bit 64 ne a Linux mai bit 64. Don haka inda laburare ya ce unsigned long, kamar yadda zlib ke yi, rubuta c_ulong, kada ka ƙayyade girman da kanka.

Idan ayyukan da za ka kira sun yi yawa, koma cffi. Shi kwafo masa bayanin ayyukan kake yi yadda suke a fayil ɗin .h, kuma idan akwai kompaila zai iya sa ta tantance girman kowane tsari, abin da ke rage kuskuren hannu.

Idan na C++ ne: pybind11, Cython ko SWIG

ctypes bai san aji na C++ ba, domin kowace kompaila na da yadda take sauya sunayen ayyuka a cikin fayil. A nan pybind11, wanda Wenzel Jakob ya fara, shi ne mafi sauƙi ga wanda ya iya C++. Cython ya fi dacewa da wanda ya fi sakewa da Python, tunda rubutunsa kusan iri ɗaya ne. SWIG kuwa, na David Beazley, tsohon hannu ne tun shekarun 1990. Ɗauke shi idan laburare ɗaya kake son haɗawa da yaruka da yawa, kamar Python da Ruby da Java. Dukkan ukun suna buƙatar kompaila.

Batun kompaila

A Linux da GCC ko Clang abin yana tafiya lafiya. A Windows ne ake shan wahala. Python ɗin da ake saukewa daga shafinsa da MSVC na Microsoft aka haɗa shi. Buga python -VV za ka ga MSC da adadin bit ɗinsa. Kayan MSVC suna cin gigabait da dama, shi ya sa da yawanmu masu lissafin data ke gudu zuwa MinGW. Ga zallar C, sau da yawa MinGW na wucewa, amma C++ ɗinsa ba ya jituwa da na MSVC. Shawarata, ka daure ka sauke MSVC sau ɗaya inda ka samu intanet mai arha.

Ka kuma riƙe wannan doka: ma'adanar da laburare ya ware, shi zai sake ta da aikinsa na kansa. Idan wani ɓangaren ya sake ta, manhajar na iya yin aiki a wurinka ta faɗi a gaban kwastoma.

Ni dai a aikin shagon, Python na bit 32 da ctypes suka fitar da ni. A darasi na gaba za mu ga yadda ake tattara irin wannan manhaja a miƙa wa wanda ba shi da kompaila. Sai mun haɗu.