Wuyan Hannu Ba Ya Ihu, Sai Ya Gaji

Ƴaƴana na Tanut da Belbeji, ku da Allah ya ba aikin kwamfuta, ku matso kusa in faɗa muku wata magana. Ina nufin masu buga takardu a ofisoshin gwamnati, da masu zama a shagunan aika kuɗi tun safe har magariba, da masu shigar da sunayen jama'a a rajistar ƙungiyoyin agaji, da ɗalibanmu da ke Jami'ar Damagaram suna buga kundin kammala karatu. Tun da aka mai da Belbeji gunduma mai zaman kanta a 2011, aikin takardu ya ƙaru a Damargu, kuma hannayenku ne ke ɗauke da shi. Muna alfahari da ku. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku ke yarfe hannu suna murza yatsu, in an tambaye su kuma su ce ba komai.

Na san dalilin wannan "ba komai". Ɗan da ubansa ya yi shekaru yana noman gero da hauya cikin rana, kunya yake ji ya ce danna madannai a inuwa ta sa masa ciwo. Ɗana, ka ajiye wannan kunyar. Wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a tun 1700, daga baya ya ƙara bayani a kan marubuta da magatakarda, yadda yawan zama da maimaita motsi ɗaya ke raunana musu hannu. A lokacin babu kwamfuta, alƙalami ne kawai.

A cikin wuyan hannu akwai wata ƴar ƙuntatacciyar hanya tsakanin ƙasusuwa da wani kaurin nama. Igiyoyi tara masu jan yatsu suna bi ta nan, tare da jijiya guda mai kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe. In hannu ya daɗe a lanƙwashe, ko igiyoyin suka kumbura, sai a matse wannan jijiyar. Shi ya sa waɗannan yatsun ke sagewa suna tsikari, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Abin ya fi tsanani da dare, har ya tashi mutum daga barci. In aka ƙyale, sai kofin shayi ya fara suɓucewa daga hannu, naman gindin babban yatsa ya rame. Mai ciki da mai ciwon sukari sun fi saurin kamuwa, don haka ƴata, ke mai juna biyu, ki ƙara lura. Akwai kuma wani ciwon na gefen babban yatsa, wanda yawan latsa waya ke iya tayarwa.

Maganin farko yana wurin zama, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Da yawa cikinku kwamfutar tafi-da-gidanka ce ke kan cinya, ana zaune a tabarma, an dunƙule baya. Wasu kuma tebur ya yi tsawo, kujerar roba ta yi ƙasa, sai a ɗora wuyan hannu a kan bakin tebur mai kaifi ana bugawa. Ka zauna yadda gwiwar hannunka za ta rataya kusa da haƙarƙari, damtse ya miƙe daidai da madannai, wuyan hannu ya tafi sak, bai karye sama ko ƙasa ba. Kujera ta gajarta, sa matashi. Ƙafa ba ta taɓa ƙasa, sa bulo. Ɗaga kwamfutar da littattafai har saman allonta ya zo daidai ido, sannan ka nemi madannai da linzami na dabam. Ana samunsu a kasuwar Damagaram. Kafinta ma zai iya rage ƙafafun tebur cikin ɗan lokaci. Kuma ka sassauta bugu, madannai ba turmi ba ne.

Sai hutu, wanda shi ne ya fi muku wuya. Na sani, in wuta ta dawo bayan ta daɗe da ɗaukewa, kowa sauri yake ya gama kafin ta sake tafiya, mutane kuma sun yi layi a bakin shago. Duk da haka, kowane rabin awa ka sauke hannu na minti ɗaya ko biyu, ka buɗe yatsu, ka juya kafaɗa, ka miƙe tsaye. Wanda ke jira ba zai rasa komai ba cikin minti biyu. Ku iyayen gida masu shaguna da ofisoshi, ku bar yaran nan su numfasa, in akwai hali ku riƙa musanya musu aiki.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙwayoyin bakin hanya. Mutum ya sayi diklofenak ko tiramol daga mai talla, ya haɗiye, zafi ya kwanta, ya koma bugu, alhali jijiyar tana nan a matse. Yawan shan diklofenak yana ɓata ciki da ƙoda, tiramol kuwa kun ga yadda ya kama samarinmu ya ƙi saki. Tsaga da ƙaho ma ba sa kaiwa inda matsalar take.

In sagewar ta kai sati biyu ko uku, ko tana tashin ka da dare, je ka asibitin Tanut ko na Belbeji ka faɗi aikin da kake yi da tsawon lokacin da kake yin sa. Sau da yawa ana farawa da ɗan takalmin hannu da ake ɗaurawa da dare don wuyan hannu ya kwana a miƙe, kuma a gwada jini a ga ko akwai sukari. In bai lafa ba, za a iya tura ka babban asibitin Damagaram, inda likita zai duba ko allura ce ta dace ko ƴar ƙaramar tiyata ta buɗe wa jijiyar hanya. Wanda ya je tun naman hannunsa bai rame ba ya fi samun cikakken sauƙi.